Tsutsar sauro a matsayin abincin kifin ado: a yi ko a bari?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da akwatin gilashi mai cin lita 60, kifin gufi ne a ciki da 'yan tetira, sai beta namiji guda da na ware masa nasa wurin. Busasshen abincin nan na gwangwani kawai nake barbaɗa musu. Sauran suna ci, amma shi betan sai ya kama ya furzar, kuma launinsa ba ya tashi yadda nake gani a wajen wasu. An ba ni shawara in nema masa tsutsar sauro mai rai. To abu biyu ke damuna: ba za ta sa wa kifin cuta ba? Kuma ba zan tara wa mutanen gida sauro ba? Masu sani a taimaka.

Baban Beta:
Wa alaikumus salam ƙanina. Wanda ya ba ka shawarar nan ya san kifi. Ka tsaya ka dubi bakin betan da kyau, za ka ga sama yake kallo, ba ƙasa ba. Asalinsa kifin Tailan ne da maƙwabtanta, mai zama a gonakin shinkafa da ruwa marar zurfi, kuma abincinsa can shi ne ƙwarin da ke faɗowa kan ruwa da tsutsotsin da ke rataye a samansa. Tsutsar sauro ba baƙon abu ba ce a wurinsa, busasshen da kake ba shi ne baƙo.

Ranar da ka fara zuba masa za ka ga wani kifi daban. Zai tsaya cak, ya buɗe fikafikai, ya matso a hankali har sai tsutsar ta motsa, sannan ya kai cafka. Wannan farautar ita kanta magani ce ga kifin da ke zaune shi kaɗai. Idan kuma kana son su hayayyafa, ban san abincin da ke cika cikin mace da ƙwai da sauri kamar wannan ba. Namijin ma za ka ga ya shiga tara kumfa a saman ruwa, alamar ya shirya ke nan. Samun tsutsar kuma ba wuya, ka ajiye bokitin ruwa a waje, sauro zai zo ya zuba ƙwai a ciki.

Maman Gufi:
Gaskiya ne Baba. Nawa gufin har tsalle suke idan sun ga inuwar ragar da nake ɗebo tsutsar da ita. Tetira kuwa ba sa barin ko ɗaya ta kai ƙasa.

Anti Nas:
Ku yi haƙuri in shigo da abin da ba za a so ji ba. An amsa wa yaron nan rabin tambayarsa, an tsallake rabin da ya fi nauyi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce a shekarar 2023 mutum miliyan 263 suka kamu da maleriya, kusan 597,000 suka rasu, mafi yawansu a Afirka, kuma akasarinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Ni ina ganin yaran nan da idona a wurin aiki, jiki zafi rau, wasu har da jijjiga. Kullum wa'azinmu ga iyaye shi ne a kifar da duk mazubin da ke tara ruwa, a rufe randa da tanki. Yanzu kuma a nan ana koya wa mutum ya ajiye bokiti da gangan don sauro ya zo ya haihu? Saboda launin kifi? Kada garin neman gira a rasa ido.

Baban Beta:
Anti, maganarki tana kan hanya, kuma ba wanda zai raina ta. Amma ki duba ta wannan fuskar. Macen sauron da ta ɗauki ƙwai sai ta zuba su, ko da bokitina ko babu. Idan ba ta samu nawa ba za ta samu tsohuwar taya ko gwangwani a bayan gida, inda ba mai kula, duk su ƙyanƙyashe su tashi. Idan ta zuba a nawa kuwa, cikin kifi za su ƙare. Ni a ganina bokitin tarko ne, rage sauro yake yi.

Ɗalibin Ƙwari:
Da izinin manya, bari in sa baki, don wannan fannin nake karanta. Maganar Baba tana da gaskiya a ciki, ta Anti ma haka, kuma abin da zai raba gardamar shi ne a san wane sauro ake magana, a kuma san kwanakinsa.

Sauro yana bin mataki huɗu: ƙwai, tsutsa, sannan wani mataki da tsutsar ke dunƙulewa ta koma siffar waƙafi, mai ƙaton kai da 'yar jela a lanƙwashe, sai kuma sauro mai fiffike. Tsutsar tana saɓa sau huɗu, a saɓar ƙarshe ne take zama mai waƙafin. Ita wannan ba ta cin komai, jiran fita kawai take, kuma kwana biyu ya ishe ta. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa sauro mai cizo bai fi kwana bakwai zuwa goma ba, wani lokaci ma ƙasa da haka. Wannan shi ne duk wa'adin da mai bokiti yake da shi. Duk ranar da ka leƙa ka ga mai waƙafi tana wuntsilawa a ruwan, to ka makara ko kana dab da makara.

Sai jinsi. Manya uku ne suka shafe mu. Culex shi ne mai son ruwa mai datti da ruɓaɓɓen ganye, shi ne ya fi zuwa irin bokitin da Baba yake nufi. Macensa tana manna ƙwai 100 zuwa 300 a jere, su zama curi guda baƙi da ke shawagi, in ba ka sani ba sai ka ɗauka ɓurɓushin gawayi ne ya faɗa ruwan. Tsutsarsa tana rataye kai ƙasa, da ɗan bututun shaƙar iska a jela. Anopheles, mai yaɗa maleriya, ɗaya-ɗaya yake zuba ƙwai a kan ruwa, tsutsarsa ba ta da bututun nan, saboda haka kwance take a miƙe dab da saman ruwa. Da ido za ka bambanta su. Na ukun shi ne Aedes, mai zanen fari da baƙi a ƙafa, mai yaɗa zazzaɓin denge da shawara da Zika da cikungunya. Shi ba a cikin ruwa yake zuba ƙwai ba, a jikin mazubi yake manna su, sama kaɗan da bakin ruwa, kuma ƙwan yana iya yin watanni a bushe, ruwa na taɓa shi ya ƙyanƙyashe.

To bokiti tarko ne muddin ana kwashe komai kafin wa'adi. Ranar da aka manta, ya tashi daga tarko ya koma gidan haihuwa.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai Yaya. To ita tsutsar, idan uwarta tana ɗauke da maleriya, kifin ba zai kamu ba? Ko ni da nake taɓa ruwan?

Ɗalibin Ƙwari:
A'a, ka kwantar da hankalinka ta nan. Ƙwayar maleriya ba ta bi ta cikin ƙwan sauro. Sai macen ta girma ta ciji mai ɗauke da cutar, ƙwayar ta yi kwanaki tana girma a jikinta har ta kai ga yawunta, sannan ta iya sa wa wani. Tun 1897 Ronald Ross ya gano ƙwayar a cikin sauro a Indiya, aka fara fahimtar wannan zagayen. Tsutsa ba ta cizo, ba ta taɓa shan jini ba, kuma maleriyar mutum ba ta kama kifi. Haɗarin ba a cikin akwatinka yake ba, yana ga sauron da ya kuɓuce.

Anti Nas:
Yauwa, ka faɗi abin da nake nufi. "Ranar da aka manta." Wa ya isa ya ce ba zai manta ba? Tafiya tana tasowa ba shiri, rashin lafiya ba ya sallama, ɗalibi jarrabawa tana ɗauke masa hankali. Kuma sauron da ya tashi daga bokitinka ba ya tambayar wane ne mai kifi. Jaririn maƙwabta zai samu. Su ba su ci ribar launin beta ba, me ya sa za su ɗauki asarar?

Sannan a daina cewa ai Culex ne kawai, ba shi da illa. Culex yana yaɗa tundurmi a wasu ƙasashe, yana yaɗa zazzaɓin Yammacin Nilu. Aedes kuwa da rana yake cizo, lokacin da ba wanda yake cikin gidan sauro.

Ɗalibin Ƙwari:
Haka ne Anti, har ma in ƙara miki hujja. A da muna cewa Anopheles ba ya son mazubai, ya fi son ƙananan kududdufai masu samun rana. To akwai wani nau'i, Anopheles stephensi, ɗan asalin Kudancin Asiya da yankin Larabawa, wanda ke haihuwa a tankuna da durom da bokitai a tsakiyar birni. An fara ganinsa a Jibuti a 2012, a Habasha a 2016, kuma tun daga nan yana ta bazuwa a wasu ƙasashen Afirka. Saboda haka ba zan iya ce wa kowa bokiti ba ya haifar da sauron maleriya ba.

Dattijon Ruwa:
Akwai ƙasashen da ma doka ta riga ta yanke hukunci. A Singafo jami'an hukumar muhalli suna shiga gidaje duba ruwa, wanda aka samu tsutsar sauro a gidansa tara ake cinsa, ba ruwansu da cewa abincin kifi ne. Duk inda mutum yake ya fara sanin dokar wurin.

Mai Kili:
Ni dai a ganina ana ta gardama a kan buɗaɗɗen bokitin da ake barin tsutsa ta girma a ciki, alhali ba dole sai an yi haka ba. Ina kiwon ƙananan kifayen da ake kira kili, su kuwa wasunsu da ƙyar suke kallon busasshen abinci, don haka na daɗe a kan wannan harka. Ga yadda nake yi.

Bokitin waje aikinsa ɗaya ne: karɓar ƙwai. Baƙi ya fi, a inuwa, ruwa rabi, da ɗan busasshen ganye ko ciyawa da aka bari ta jiƙa har ruwan ya ɗan yi wari. Ruwan famfo mai sinadarin kulorin a bar shi ya kwana tukuna. Da sassafe nake zuwa da cokali. Curin ƙwan Culex da daddare ake zuba shi, da farko fari-fari ne, kafin gari ya waye ya yi baƙi. Sai in sa cokali a ƙarƙashinsa a hankali in ɗago shi da ɗan ruwa, in juye a kwalba mai faɗin baki. Kwalbar nan a rufe take da ƙyalle mai laushi, an ɗaure da roba. Iska tana shiga, sauro ba ya fita. A ciki suke ƙyanƙyashewa bayan kwana ɗaya ko biyu, a ciki suke girma, ko da wata ta riga ni ta zama sauro, a ƙarƙashin ƙyallen za ta mutu.

Shi kuma bokitin, duk bayan kwana huɗu ina tace ruwansa kaf ta cikin ƙyalle, abin da aka tace ya tafi wajen kifi, in goge jikin bokitin da soso sosai saboda ƙwan Aedes da ɗan'uwa ya ambata, sannan in mayar da ruwan. Da haka babu tsutsar da take kai wa mataki na uku a waje. Idan zan yi tafiya, in kifar da shi in bar shi a kife. Ba na ba wa kowa amanarsa.

Abincin tsutsar a kwalba: ɗan yis a kan tsinke, ko busasshen abincin kifi da aka murje ya zama gari. Kaɗan ƙwarai. Idan ka cika, wani yauƙi yana taruwa a saman ruwa ya toshe musu bututun numfashi, ka wayi gari duk sun mutu ruwan yana ɗoyi.

Maman Gufi:
Malam Mai Kili, wannan dabarar kwalbar ta yi. Tambaya: jariran gufi fa? Tsutsar ba ta yi musu girma ba?

Mai Kili:
Hajiya ai nan ne amfanin tara ƙwai ya fi fitowa. Wadda ta fito yau-yau ba ta fi milimita ɗaya da ɗan abu ba, siririya, jariran gufi suna haɗiye ta ba wahala tunda su da ɗan girmansu ake haifarsu. Wani lokaci ma curin nake ɗorawa kai tsaye a kan ruwan jariran, suna fitowa ana cinye su. Amma jariran beta da na tetira a kwanakin farko bakinsu bai kai ba. Idan kika sa musu, tsutsar ce za ta riga su girma, ta yi ta cin ɗan abincin da ke ruwan tare da su, ƙarshe ta tashi sauro a ɗakinki. Su sai sun ɗan tasa.

Ga manya kuma ina amfani da raga biyu, mai faɗin ido a sama, mai ƙanƙanin ido a ƙasa. Manyan tsutsotsi su tsaya a ta sama su tafi wajen manyan kifi, ƙananan su koma kwalba ko wajen jarirai.

Anti Nas:
Wannan ya fi abin da aka fara faɗa nesa ba kusa ba, ba zan ƙi gaskiya ba. Amma har yanzu akwai buɗaɗɗen ruwa a waje, kuma har yanzu komai ya rataya ne a kan mutum ɗaya kada ya yi sakaci. Kai Malam ka saba, hannunka ya faɗa. Wanda ya yi tambayar nan sabo ne.

Baban Beta:
Kowa ai da sabo ya fara, Anti. Idan ba a koya masa hanyar da ta dace ba, zai je ya yi ta inda ba ta dace ba.

Ɗan Gaggawa:
Ni ban ga abin wahala ba. Kwata da kududdufi cike suke da tsutsar nan kyauta. Ka ɗauki raga ka je ka kwaso, ka rage wa unguwa sauro, kifinka ya ƙoshi. Ba bokiti ba kwalba, Anti ma ta huta.

Dattijon Ruwa:
Ɗana, ta fuskar sauro maganarka ta fi ta kowa tsabta, domin ba ka ƙara ko ɗaya ba, ragewa ka yi. Amma ta fuskar kifi a nan ne haɗarin yake, kuma tambayar farko ta mai tambaya ke nan.

Tsutsar sauro tace ruwa take yi ta ci abin da ke ciki. Duk abin da ke kwata, ruwan sabulu, baƙin mai, maganin feshi, yana jikinta yana cikinta. Wuraren da hukuma ke zuba maganin kashe tsutsa kuwa, ba ka da hanyar sani da ido. Kududdufin da ke kusa da gona ma haka, ruwan sama yana wanko maganin ƙwari ya zuba a ciki.

Na biyu, raga ba ta zaɓe. Tare da tsutsar za ka kwaso 'ya'yan mazari, wato matakinsa na cikin ruwa kafin ya yi fiffike. Launin laka gare shi, yana lafewa a jikin ganye ba ya motsi, yana da wani leɓe a naɗe ƙarƙashin kai da yake harbawa ya cafko abin da ya gifta. Na taɓa tsayawa ina kallon ɗaya a akwatin wani abokina, ɗan gufi ya zo wucewa, kafin ƙiftawar ido yana bakinsa. Mai akwatin ya daɗe yana mamakin inda jariransa ke tafiya. Akwai tsutsar buzuzun ruwa mai ƙahonni biyu a baki, ita har kifin da ya fi ta girma tana kamawa. Akwai matsattsaku. Akwai haidira, wani ɗan siririn abu mai hannuwa da ke manne wa gilashi yana harbin jarirai.

Na uku, idan ruwan akwai kifi a cikinsa, to akwai yiwuwar cututtukan kifi, irin farin ɗigon nan da ke fesowa a jiki da fikafikai. Wannan cutar sai da kifi take rayuwa, shi ya sa ruwan da ba kifi, kamar na sama da ya taru a mazubi mai tsabta, ya fi aminci.

Idan dole sai ka kwaso daga waje, ka juye a farar roba mai faɗi da ruwa mai kyau, ka zauna a haske ka tsince duk abin da ba tsutsar sauro ba, ka ɗauraye sau biyu ko uku. Ruwan da ka kwaso su da shi kada ɗigo ya shiga akwati.

Mai Kili:
Dattijo ya tuna mini wani abu mai muhimmanci. Kada wanda ya yanki tsohon gidan sauro ya yi matacin tsutsa ko murfin kwalba da shi. Gidajen sauron da ake rabawa yanzu akwai magani a jikin zarensu, dangin firetiroyid, kuma wannan sinadarin guba ne mai ƙarfi ga kifi, kaɗan ya isa. Haka maganin feshi na gwangwani da na kunnawa. In za a fesa a ɗakin da akwati yake, a rufe akwatin ruf, a kashe injin iska, don shi yana zuƙo iskar ɗaki ne ya tura cikin ruwa. Bokitin da aka taɓa jiƙa wanki ko haɗa magani a ciki ma ba na wannan aikin ba ne.

Ɗan Gaggawa:
To na ji. Amma tunda gufi suna cin tsutsa haka, kuma haihuwa suke ba ƙaƙƙautawa, me zai hana mu riƙa zuba rarar da muke da ita a kududdufai da rafuka? Maganin sauro kyauta.

Ɗalibin Ƙwari:
Don Allah kada ka yi. An riga an gwada wannan a duniya, an ga ƙarshensa. Akwai wani ɗan kifi ɗan'uwan gufi, Gambusia, daga kudancin ƙasar Amurka. A farkon ƙarni na 20 aka yi ta ɗaukarsa ana kai wa ƙasashe don ya ci tsutsar sauro: Hawai a 1905, Turai a farkon shekarun 1920, Ostareliya a 1925. Ya ci tsutsar, amma bai tsaya nan ba. Ya ci ƙwan kifayen gida da jariransu, ya ci 'ya'yan kwaɗi, yana gutsurar fikafikan kifin da ya fi shi girma. Yau yana cikin jerin halittu 100 mafi ɓarna da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta fitar, kuma a sassan Ostareliya laifi ne ka sake shi. Gufi ma, ɗan asalin Tirinidad da Benezuwela da kewayensu, an baza shi da wannan niyya, ya zauna daram a ruwayen da ba nasa ba. Kusan kowane rafi yana da nasa ƙananan kifayen da ke cin tsutsa tun asali. A tankin da yake a killace, wanda ba ya malala zuwa ko'ina, sa gufi biyu ko uku dabara ce mai kyau. A ruwan Allah kuwa, abin da ka saka ba ya dawowa.

Maman Gufi:
Ni tambayata ta koma kan akwati. Nawa ake zubawa? Don na lura idan na zuba da yawa wasu suna shigewa cikin ganyen da ke shawagi a sama.

Baban Beta:
Abin da za su cinye kina tsaye, cikin minti biyu ko uku. Beta guda, manyan tsutsotsi biyar zuwa goma sun ishe shi a zama ɗaya, shi ba ya sanin ya ƙoshi, zai ci har cikinsa ya kumbura. Ki fara zuba masu waƙafi idan akwai, don su ne ke dab da tashi. Ki kashe matatar ruwa na ɗan lokaci kada ta zuƙe su, domin a cikin matata ma suna iya ƙarasa girma. Bayan an gama ki kaɗa ganyen saman da yatsa, duk wadda ta ɓuya za ta nutse, kifi su gan ta. Kuma da safe ko da rana ake bayarwa, ba dab da kashe fitila ba.

Wajen kamawa ma akwai dabara. Tsutsar tana jin inuwa da motsi, kana leƙawa duk su nutse. Ka sa ragar a ruwa ka tsaya shiru, dole su dawo shan iska, sai ka ɗebo ta ƙasansu.

Dattijon Ruwa:
A ƙara da cewa ba kowane kifi ba ne nama ya karɓe shi. Beta, gurami, anjel, tetira, kili, gufi, duk wannan abincinsu ne. Kifin zinare zai ci, amma shi yana bukatar ganye a abincinsa, tsutsa ta zama ta marmari. Su kuwa kifayen duwatsu na tafkin Malawi da ake kira mbuna, gansakuka suke kankara a jikin dutse, hanjinsu dogo ne na masu cin tsiro. Ka dage musu da abinci mai nama, kumburin ciki zai kama su, kuma da wuya ake ceto su.

Sabon Shiga:
Na ga ana sayar da wata jar tsutsa a daskare, an rubuta tsutsar sauro a jiki. Ita ce wannan?

Ɗalibin Ƙwari:
Ba ita ba ce. Jar nan 'yar wani ƙwaro ce mai kama da sauro amma ba ya cizo, dangin Chironomidae. A cikin laka take zama, jan kuma na sinadarin jini ne irin namu, wanda ke taimaka mata rayuwa inda iska ta yi ƙaranci. Akwai fara mai sheƙi kamar gilashi, Chaoborus, ita ma uwarta ba ta cizo, amma tsutsar mafarauciya ce, ba a sa ta wurin ƙananan jarirai. Baƙar ita ce ta sauro na gaske. Ja ɗin tana sa wa wasu mutane ƙaiƙayi da atishawa da kumburin ido, musamman busasshiyarta, don haka a riƙa ɗauka da cokali.

Anti Nas:
To alhamdu lillahi, ga hanya ta fito. Tunda akwai daskararriya, akwai kuma abinci mai rai da ba ya zama sauro, me ya sa ba za a nuna wa yaron nan su ba? Na san ana kiwon ƙananan halittun ruwan nan da ake kira dafiniya a ruwa mai kore, na san ana ƙyanƙyasar wasu irinsu da ake kira atimiya.

Mai Kili:
Ana yi Anti, ni ma ina yi. Atimiya ƙwai ne busasshe, ka zuba a ruwan gishiri, kamar giram 25 zuwa 30 a lita guda, ka sa iska, a ɗumi cikin awa 24 zuwa 36 sun fito. Ga jarirai babu kamarsu. Sai dai ga babban beta sun yi ƙanƙanta, kuma ba sa daɗewa a ruwan daɗi. Dafiniya tana da kyau, tana wanke ciki, amma ɓawo ya fi yawa a jikinta, ba ta gina kifi kamar tsutsa. Sannan ki sani, robar dafiniyar da aka bari a waje ba murfi, sauro zai zo ya zuba ƙwai a ciki ko an gayyace shi ko ba a gayyace shi ba. Ita ma sai an rufe ta da ƙyalle. Duk mai kiwon kifi yana da ruwa a ajiye ta wata hanya, saboda haka sanin curin ƙwai da sanin mai waƙafi ya zama dole a kansa ko da bai taɓa niyyar kiwon tsutsa ba.

Anti Nas:
Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. A kan bokitin dai ina nan a kan bakana: inda ake fama da maleriya ko denge, ko gidan da akwai jariri ko mai juna biyu, ni ba zan ce wa kowa ya ajiye ba, ko da na kwana huɗu ne. Wanda yake ƙasar sanyi inda waɗannan cututtukan ba sa yawo, lissafinsa daban.

Sabon Shiga:
Na gode muku duka, Allah Ya ƙara sani. Gidanmu akwai ƙananan yara, don haka ba zan ajiye bokiti ba. Abin da zan yi, zan riƙa zagayawa bayan an yi ruwa in duba mazuban da suka tara ruwan sama, in na ga curin ƙwai ko tsutsa in kwashe zuwa kwalba mai murfin ƙyalle, in kifar da mazubin. Saura tambaya biyu. In na samu da yawa fiye da abin da za su ci, yaya zan yi da ragowar? Kuma an ce beta idan ya ɗanɗana mai rai ba ya sake kallon busasshe, gaskiya ne?

Mai Kili:
Ragowar ka ɗauraye, ka tsane ruwan, ka shimfiɗa su siriri a cikin 'yar leda ka kwantar a firiza. Idan ta daskare sai ka riƙa ɓallar ɗan gutsure, ka narkar a cokalin ruwan akwatin kafin ka zuba. Wanda ya narke ba a mayar da shi. In kuma kwana ɗaya ko biyu kawai kake so su jira ka da ransu, sa kwalbar a rufe a ƙasan firij, sanyi yana rage musu saurin girma.

Baban Beta:
Yana yin yanga na 'yan kwanaki, amma yunwa tana dawo da shi. Ka riƙa ba shi busasshen da safe lokacin da cikinsa ba komai, ƙwaya biyu ko uku, ka ɗan jiƙa su tukuna don su yi laushi, wataƙila taurin ne ma ya sa yake furzarwa. Tsutsa kuma da la'asar, sau biyu ko uku a mako. Ranar da ya ƙi busasshen, ka cire shi daga ruwan kada ya ruɓe, kuma ranar kada ka ba shi tsutsa.